RUFE HANYAR HAIHUWA BA TARE DA FIƊA BA: DARASIN DA LABARIN ESSURE YA BAR MANA

 

Akwai tambayoyi biyu da sukan taso a majalisin mata bayan an tashi daga karatu, kuma akan yi su ne da murya ƙasa-ƙasa. Ta farko: macen da likita ya gaya wa cewa wani cikin na iya zama sanadin ajalinta, yaya za ta yi? Ta biyu: shin da gaske ne a Turai ana "juya wa mace mahaifa" ba tare da an yanka ta ba? Amsar ta biyu ita ce, an yi fiye da shekara 15 ana yin haka a Faransa da Amurka da wasu ƙasashe, daga baya aka daina. Labarin yadda aka fara da yadda aka ƙare yana da amfani ga kowane magidanci da uwargidansa, domin yana nuna cewa sauƙin aiki a ranar da aka yi shi ba ya nufin an gama da shi.

MENE NE "JUYIN MAHAIFA"?

Da farko ya kamata a gyara wani kuskure da ya daɗe a bakin jama'a. Likita ba ya juya mahaifa, ba ya kuma kife ta. A kowane gefe na mahaifa akwai siririn bututu mai tsawon kimanin santimita 10, kuma ta cikinsa ne ƙwan mace ke saukowa, a nan ne yake haɗuwa da ruwan namiji, sa'an nan abin da aka samu ya gangara cikin mahaifa ya zauna. Idan aka toshe waɗannan bututu biyu, ko aka ɗaure su, ko aka cire su, ba sauran haɗuwa, ba kuma sauran ciki. Mahaifa tana nan a wurinta, jinin al'ada yana zuwa kamar yadda ya saba, kuma ba abin da ya canza a zaman aure.

Hanyar da aka daɗe da sani ita ce ta fiɗa: ko dai a yi ƴar ƙaramar yanka a ciki, ko a zura madubi ta cibiya, wato aikin da likitocinmu masu Faransanci ke kira selioskopi, ko kuma a ɗaure bututun a lokacin da ake ciro jariri ta hanyar fiɗa. Duk waɗannan suna bukatar a huda fatar ciki, kuma sau da yawa sai an sa mace barci. Shi ya sa tun shekarun 1970 likitoci ke neman yadda za su isa ga bututun ta ƙofar da Allah Ya riga Ya buɗe, wato ta bakin mahaifa.

INA MATSAYIN SHARI'A?

Kafin a shiga batun na'ura, wajibi ne Musulmi ya san inda yake tsaye. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988 ta tattauna tsarin iyali. Abin da ta yanke, a taƙaice, shi ne: ya halatta ma'aurata su ba da tazara tsakanin haihuwa na wani lokaci, idan akwai bukatar da Shari'a ta amince da ita, bisa shawara da yardar juna, da sharaɗin kada a cutar da kowa, kada kuma a taɓa cikin da ya riga ya shiga. Amma kawar da ikon haihuwa baki ɗaya, ga namiji ko ga mace, haramun ne, sai fa idan larura ta tilasta bisa ma'aunin Shari'a.

Larura kuwa akwai ta, kuma ba baƙuwa ce a gidajenmu ba. Akwai ciwon zuciyar da ke kama mata gab da haihuwa ko bayanta, wanda likitoci suka daɗe da sanin yawansa a ƙasar Hausa; idan zuciya ba ta koma daidai ba, wani cikin babban haɗari ne. Akwai wadda mahaifarta ta taɓa fashewa a naƙuda, da wadda ciwon ƙoda ya ci ƙarfinta. A kan irin waɗannan mata muke magana, ba a kan mai gudun ɗawainiya ko tsoron talauci ba.

YADDA AKE AIKIN

Na'urar da ta fi shahara ita ce Essure, wadda kamfanin Conceptus na jihar Kalifoniya ya ƙera. An ba ta izinin shiga kasuwar Turai a 2001, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka kuma ta amince da ita a watan Nuwamba na 2002. Kamfanin Bayer na Jamus ya sayi Conceptus a 2013. An yi wata na'urar mai suna Adiana, wadda aka amince da ita a Amurka a 2009, amma ba ta yi tsawon rai ba, domin an janye ta a 2012.

Essure wata siririyar murɗaɗɗiyar waya ce mai tsawon santimita 4. Murɗin waje an yi shi da gamin ƙarafa biyu, nikel da titaniyom. Na ciki kuma da ƙarfen da ba ya tsatsa, an naɗe shi da zaren roba irin na poliyesta. A lokacin da ake yin aikin, likita kan zura siririn madubi mai fitila ta bakin mahaifa, wanda shi ne aikin da ake kira histeroskopi, ya buɗa mahaifa da ruwan gishiri domin ya gani sosai, ya nemo bakin kowane bututu, ya tura wayar ciki ya sake ta, ita kuma ta buɗe ta kama bango. Aikin ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, sau da yawa ba a sa mace barci, kuma a ranar take komawa gida.

To amma ga abin da mutane da yawa ba su fahimta ba: wayar ba ita ke toshe hanya ba. Zaren robar nan yana tsokanar jiki ne da gangan, jiki kuma ya yi ta gina tsoka da tabo a kewayensa har hanyar ta liƙe. Wannan ginin yana ɗaukar kimanin wata 3. Kafin nan mace na iya ɗaukar ciki kamar kowa, don haka dole ta ci gaba da amfani da wata hanyar tazara har sai an yi hoto an tabbatar wayar tana wurinta kuma hanya ta rufu. A Amurka an fi yin hoton da ake zuba ruwa mai fitowa a hoto cikin mahaifa a ga ko zai wuce. A Turai kuma akan yi hoton ƙugu ko ekogarafi.

ABUBUWAN DA KE SA AIKI YA YI KYAU KO YA ƁACI

Abu na farko shi ne halittar mace. A gwaje-gwajen farko, kimanin mace 9 cikin 10 ne aka iya sa wa wayar a bututu biyu. Sauran kuwa ko dai gefe ɗaya aka samu, ko ba a samu ko ɗaya ba. Wata bakin bututunta ya karkata gefe sosai har madubi ba ya fuskantarsa. Wata tana da ƙarin mahaifa ko tsiro da ya tare ƙofa. Wata kuma ta taɓa yin ciwon sanyin mara wanda ya ƙuntata bututun ko ya murɗe shi tun da daɗewa ba ta sani ba. Har ila yau, bututu tsoka ne mai rai: idan ya ji baƙon abu yana iya tsukewa nan take ya hana wucewa. Saboda haka ne akan ba mace maganin rage zafi da kumburi kafin aiki, domin an ga yana rage wannan tsukewa.

Abu na biyu shi ne lokaci. Bangon cikin mahaifa yana kauri yana sirancewa bisa kwanakin wata. Bayan ɗaukewar jinin al'ada yana da siriri, bakin bututu a fili yake. Idan wata ya yi nisa kuwa sai ya yi kauri ya rufe gani. Bugu da ƙari, idan aka yi aikin a rabin wata na biyu, mai yiwuwa ne ciki ya riga ya shiga alhali gwaji bai kai ga nuna shi ba. An samu mata da dama da aka ce aikin ya gaza a kansu, ashe da cikinsu suka hau gadon likita. Haka nan ba a yin aikin sai an yi aƙalla mako 6 da haihuwa ko ɓari, ba a kuma yin sa ga mai ciwon sanyin mara da bai warke ba.

Abu na uku shi ne hannun likita. An so a bar zobe 3 zuwa 8 na wayar suna leƙowa cikin mahaifa. Idan aka tura ta can ciki da yawa, tana iya zarcewa ta faɗa cikin ciki. Idan aka bar ta waje da yawa, mahaifa na iya turo ta ta fito da jinin al'ada, wani lokaci mace ba ta ma sani ba. Idan kuma likita ya ji turjiya ya matsa da ƙarfi, sai wayar ta huda bututu ko bangon mahaifa, shi kuwa yana zaton ta shiga daidai. Hudawa irin wannan ta faru ga kimanin mace 1 zuwa 2 cikin ɗari a gwaje-gwajen farko. Ƙwarewa a wannan aiki ita ce sanin lokacin da za a tsaya a ce yau bai yiwu ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Abu na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne komawa asibiti bayan wata 3. Da aka bi diddigin matan da suka ɗauki ciki bayan aikin, sai aka ga babban kaso daga cikinsu ba su koma hoton tabbatarwa ba, ko sun bar hanyar tazara tun kafin lokaci, ko kuwa an yi hoton amma mai karanta shi ya yi kuskure. A nan ne sauƙin aikin ya zama tarko. Macen da aka yanka tana da ɗinki da ke tuna mata cewa an yi mata aiki. Wadda ta shiga da safe ta fito da hantsi ba tabo ba ɗinki, ga hidimar gida, ga kuɗin hoto, ga nisan asibiti, da sauƙi take ɗauka cewa magana ta ƙare.

KUKAN MATA

Da shekaru suka tafi, sai koke-koke suka yi ta ƙaruwa. Wasu mata sun yi ta fama da ciwon mara da na baya da ba ya jin magani, wasu da zubar jini mai yawa, wasu da zafi a lokacin kwanciyar aure. An samu waɗanda wayar ta bar wurinta ta tafi kusa da hanji, da waɗanda ta karye a jikinsu. Wasu kuma sun kawo kukan ƙaiƙayi da ƙuraje, da kasala mai tsanani, da ciwon gaɓoɓi da zubewar gashi, suna danganta su da nikel da sauran abubuwan da ke cikin wayar. Tun farko an hana sa ta ga macen da jikinta ba ya jituwa da nikel, amma a 2011 aka sassauta wannan hani a Amurka ya koma gargaɗi kawai.

Yawancin waɗannan mata sun daɗe ana gaya musu cewa ba abin da ke damunsu. Sai da suka haɗa kai, a Amurka ta wani zaure na Facebook da aka buɗe a 2011 wanda ya tara dubban mata, a Faransa kuma ta ƙungiyar Resist, sa'an nan hukumomi suka saurare su da kunnen basira.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Adalci ya wajabta a faɗi abin da aka auna, ba abin da aka ji kawai ba. A 2015 mujallar likitoci ta BMJ ta buga binciken da aka yi a jihar Niyok, inda aka kwatanta mata fiye da 8,000 da aka yi wa aiki ta bakin mahaifa da mata fiye da 44,000 da aka yi wa ta cibiya. Wajen ɗaukar ciki ba a ga bambanci mai yawa ba. Amma cikin shekara guda, kimanin mace 24 cikin dubu na rukunin farko sun sake komawa ɗakin fiɗa, alhali a rukuni na biyu kimanin 2 ne kawai cikin dubu.

A watan Janairu na 2018 kuma mujallar JAMA ta buga binciken da aka yi a Faransa kan mata fiye da 105,000 da aka yi wa aiki tsakanin 2010 da 2014. A ranar aiki hanyar bakin mahaifa ta fi aminci: matsalar fiɗa ta sami kimanin mace 1 cikin dubu, a ɗaya hanyar kuwa kusan 8 cikin dubu. Amma bayan shekara guda sai reshe ya juya da mujiya: aikin ya gaza ga kusan kashi 5 cikin ɗari na masu waya, ga na cibiya kuwa bai kai kashi 1 ba. Game da cututtukan jiki gaba ɗaya, binciken bai ga ƙaruwarsu ga masu wayar ba a shekara 1 ko 3.

Ma'anar wannan ita ce, mafi yawan matan da aka sa wa wayar sun zauna lafiya, amma haɗarin da aka ce an kauce masa bai gushe ba, wuri kawai ya canza: ya tashi daga ranar aiki ya koma watanni da shekarun da ke biye. Macen da ta zaɓi wannan hanya don gudun wuƙa, wani lokaci ta ƙare da fiɗar da ta fi wadda ta guda girma.

YADDA AKA JANYE TA

Hukumar FDA ta kira taron masana a watan Satumba na 2015, a 2016 kuma ta sa a buga gargaɗi mafi tsanani a takardar na'urar, tare da jerin bayanai da mace za ta karanta ta sa hannu. A watan Agusta na 2017 aka dakatar da izininta a Turai, a watan Satumba na shekarar Bayer ya daina sayar da ita a ko'ina ban da Amurka, sa'an nan ya daina a Amurka ma a ƙarshen 2018. Kamfanin ya ce dalilin kasuwanci ne, ba na rashin inganci ba. A watan Agusta na 2020 ya amince ya biya kimanin dala biliyan 1 da miliyan 600 domin sasanta mafi yawan ƙararraki kusan 39,000 da aka shigar a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba. An ƙiyasta cewa mata kimanin 750,000 aka sa wa wayar a duniya, fiye da 170,000 daga cikinsu a Faransa.

GA WADDA TAKE ƊAUKE DA ITA

An daina sayar da Essure, amma ba a daina ɗaukarta a jiki ba. Muna da ƴan'uwa da suka yi zama ko jinya a Faransa da maƙwabtanta a waɗancan shekaru. Wadda aka rufe wa hanyar haihuwa a can ba tare da yanka ba, ta tambayi likitanta ko wannan waya ce aka sa mata. Idan tana zaune lafiya kuma an tabbatar wayar na wurinta, likitoci ba su ba da shawarar a cire ba, domin cirewar ma fiɗa ce mai haɗarinta. Sai dai ta riƙa sanar da duk likitan da zai duba ta ko ya yi mata aiki.

Idan kuwa tana fama da ciwon mara mai naci, ko zubar jini, ko alamun da suka fara bayan aikin, ta nemi ƙwararren likitan mata, a yi hoto a ga inda wayar take, a kuma bincika sauran cututtukan da ke kawo irin wannan ciwo. Ba a fizge wayar, domin tana iya karyewa ta bar gutsattsari. Akan cire ta ne tare da bututun, wani lokaci da kusurwar mahaifa, wani lokaci ma da mahaifar baki ɗaya. Mata da yawa sun sami sauƙi bayan cirewa, amma ba duka ba. Wadda kuma ta ga ɓatan wata tare da ciwon gefe ɗaya na mara, ta garzaya asibiti a ranar, domin cikin da ya shiga bayan rufe bututu ya fi sauran ciki haɗarin zama a wajen mahaifa, kuma yana iya kisa cikin sa'o'i.

GA MAGIDANTA

Ya ƴan'uwa, idan larura ta zo gidanku, kada a yanke shawara a kan gadon naƙuda ko cikin zafin rai. Wani babban bincike na Amurka da ya bi mata har shekara 14 ya nuna cewa, cikin waɗanda aka rufe wa hanya suna da shekara 30 ko ƙasa, kimanin 1 cikin 5 ta yi nadama. A cikin waɗanda suka haura 30 kuwa kimanin 6 ne cikin ɗari. Mutuwar ɗa, mutuwar aure da sabon aure duk suna canza zuciya. Ko dokar Faransa ta 2001 da ta halatta aikin sai da ta gindaya wata 4 na tunani tsakanin ganin likita da yin sa.

A tambayi likita ko hanyar wucin gadi za ta wadatar, domin robar mahaifa da ashanar hannu suna hana ciki fiye da kashi 99 cikin ɗari, suna yin shekaru, kuma ana cire su idan lafiya ta samu. Inda waɗannan suka biya bukata, larurar rufewa ta har abada ba ta tabbata ba. Idan ya ce ba makawa sai an rufe, a nemi ra'ayin likita na biyu, a kai bayaninsu ga malami masani mai tsoron Allah. Sa'an nan a tambayi waɗannan: wace hanya za a bi, mutum nawa ya yi wa irinta, me za a bar mata a jiki, yaushe za a dawo, kuma wace alama ce ke nufin a dawo da gaggawa? Matambayi ba ya ɓata.

Kai kuma maigida, hakkinka bai ƙare da sa hannu a takarda ba. Kai ne za ka tuna ranar komawa, ka tanadi kuɗin hoto da na mota, ka raka ta. Idan ta ce tana jin ciwo bayan an ce an gama, ka gaskata ta, domin matan da suka fara kuka da Essure sun yi shekaru kafin a gaskata su, kuma jinkirin ya ƙara musu wahala. Jikinta amana ne a hannunta da hannunka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya albarkaci zuriyarmu. Allah ne Mafi sani.